Shekara Goma Sha Ɗaya a Ƙofar Coci

Usisya, Malawi
9 ga Maris, 1986

Zuwa ga ƙanena Chiukepo,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya jikinka, yaya aikin ramin tagulla? Yaya matarka Chilufya da 'yan matanku biyu? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke sanar da ni zuwan ruwa tun hadari bai haɗu ba. Rogo ya yi kyau bana, kifin usipa kuwa har mun rasa wurin shanya.

Mama ce ba ta jin daɗi. Idanun sun tafi gaba ɗaya tun Kirsimeti, ƙafafun sun kumbura. Loma uku take yi ta ture kwanon tuwo. Hankalinta dai garau, bakin ma yana nan yadda ka san shi. Duk ranar da jirgin ruwa ya yi kuka a bakin tafki sai ta ce in je in duba ko kana cikin masu sauka. Na gaji da ce mata babu.

Shekara uku rabonmu da rubutunka, shekara goma sha huɗu rabonmu da fuskarka. Mutane sun fara lissafa ka cikin machona, waɗanda suka tafi neman aiki ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ni ban yarda ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Mapopa Harawa ya dawo daga Luanshya makon jiya. Na tare shi a wurin shanyar kifi na ce, “Kana ganin ƙanena kuwa?” Ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce, “Yaya Towera, ina ganinsa duk Lahadi. Yana zama a kan wani kututture daura da coci, da kwat ɗinsa, takalmi a goge. Ana fara waƙar rufewa sai ya tashi ya tafi.” Na ce masa ya je a duba masa ido. Ya ce ba sau ɗaya ba ne, kuma mutanen can sun ce an yi shekaru ana haka.

Chiukepo, kai ne kake tsayawa a kan kwalekwalen Baba kana wa masunta wa'azi kana ɗan shekara goma sha tara. Kai ne ka zaunar da ni a kan dutsen wanki ka bayyana mini hanyar ceto, ina gaba da kai da shekara shida, ina yi maka dariya, har na daina dariyar. Me ya fitar da kai waje? Kada ka ce mini ba komai. Ni na goya ka, na san lokacin da kake ɓoye abu.

Yayarka,
Towera

Luanshya, Zambiya
2 ga Afrilu, 1986

Yaya Towera,

Na sami wasiƙarki, na gode. Chilufya da yara suna lafiya, suna gaishe ku. Ni ƙirji ne ke damuna. Ƙurar rami ta taru a ciki, an fitar da ni daga ƙasa an mayar da ni ɗakin ajiyar kaya. Labarin Mama ya tsaya mini a rai.

Mapopa bai yi ƙarya ba. Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Chilufya.

Kin san ɗana Vitumbiko ya rasu a 1975. Abin da ba ki sani ba shi ne inda na kai shi kwana tara kafin rasuwarsa. Likita ya kira ni gefe ya ce jinin yaron ya lalace, babu sauran abin yi. Na yi azumi, na tara dattawan ikkilisiya sun yi addu'a, yaron yana ta ƙarewa. Wani abokin aikina ya ba ni labarin wani boka a ƙauye, tafiyar rabin yini. Na ce wa Chilufya zan kai shi wani asibiti.

Da rana tsaka muka isa, kaji suna ta kiwo a tsakar gidan. Mutumin ya dube ni ya ce, “Kai ɗan coci ne. Maganina ba ya ci a hannun wanda ke da wani ubangida. Ka faɗa da bakinka cewa ka fita daga hannunsa.” Vitumbiko yana kwance a kafaɗata, ina jin zafin jikinsa a wuyana. Na faɗa, Yaya. Na kira sunan Yesu na ce ba ni ba shi. Mutumin ya ce in maimaita har sau uku, na maimaita.

Ba a buge nake ba, ba wanda ya sa mini wuƙa. Ni ba jahili ba ne. Ni ne na koya wa mutane wuraren nan a Maganar Allah da ke magana kan wanda ya ɗanɗana haske sannan ya juya baya yana sane. Na san hukuncinsa. Wani lokaci ma nakan ga kamar maganar da na faɗa ce ta ƙarasa yaron.

Tun ranar jana'izarsa ban ƙara taka cikin coci ba. Chilufya ta ɗauka baƙin ciki ne. Ina zuwa in zauna a waje don ba na iya zama a gida in na ji ƙararrawa. Amma wanda ya yi abin da na yi ba shi da wurin zama a ciki.

Ki gaya wa Mama ko ki bari, yadda kika ga ya dace. Ina da hutu a watan Agusta. In tana son ganina bayan ta ji wannan, zan zo.

Ƙanenki,
Chiukepo

Usisya
27 ga Afrilu, 1986

Ƙanena,

Gaisuwa cikin sunan Mai Cetonmu. Allah ya sassauta maka ƙirjin. Ka riƙa shan ruwan zafi da lemun tsami, kuma ka daina taurin kai da likitoci. Mama tana nan yadda take. Ana ta ruwa a nan har yau.

Na karanta wasiƙarka sau biyu a bayan ɗaki, na yi kukana, na wanke fuska. Ba zan ce maka abin da ka yi ƙarami ba ne. Zunubi ne babba, kai ma ka sani. Amma ka saurare ni.

Maganarka ba ita ta kashe Vitumbiko ba. Kai da kanka ka rubuta cewa likita ya gama magana tun kafin ka tafi ƙauyen. Ka sauke wannan kayan, ba naka ba ne.

Sannan ka tuna ranar da ka faɗa ruwa daga kwalekwalen Baba kana ɗan shekara huɗu? Ni na yi tsalle na kamo ka. Kana shure-shure, kana ihu in sake ka, ka gantsara mini cizo a hannu. Tabon yana nan har gobe. Ban sake ka ba. To ni ke nan, yarinya 'yar shekara goma mai gajeren haƙuri. Kana nufin Wanda ya zubar da jininsa dominka ya fi ni saurin saki? Kai ka ce ka fita daga hannunsa. Shi ka ji ya ce ya buɗe hannun?

Ka ce ka san wuraren Maganar Allah da ke ba da tsoro. Sauran wuraren fa, da ka sa na haddace? Ka manta da almajirin nan da ya yi musun Ubangijinsa sau uku, kuma daga baya aka ba shi kiwon tumaki? Mutumin da aka yashe ba ya goge takalmi duk Lahadi shekara goma sha ɗaya ya je ya zauna a kan kututture. Yana can gidan giya hankalinsa kwance. Wannan ciwon da kake ji, wa kake tsammani yake sa maka shi?

Na karanta wa Mama wasiƙarka duka, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Da na gama ta ce in ɗauko takarda. Mama ta ce kada ka zo mata da bargo ko sukari kamar wancan karon, kanka kawai take so, kuma ka yi sauri. Ta ce akwai maganar da za ta gaya maka wadda ba ta takarda ba ce.

Muna jiran Agusta.

Yayarka,
Towera

Luanshya
20 ga Mayu, 1986

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Wasiƙarki ta iso a jiƙe, da alama jakar ta sha ruwa a hanya. Tawadar ta narke, shafukan sun manne. Na shanya su, na ɓamɓare a hankali. Gaisuwar ta fito. A tsakiya na iya karanta “zunubi ne babba, kai ma ka sani.” A ƙasa kuma na ga “Mama ta ce kada ka zo.”

Ya isa, na fahimta. Ban ga laifinta ba, ban ga naki ba. Na mayar da takardar hutun. Ki ci gaba da kula da ita. In ta yarda a ambaci sunana a gabanta, ki ce ina neman gafara.

Chiukepo

Usisya
14 ga Yuli, 1986

Chiukepo,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Jiya muka dawo daga asibitin Nkhata Bay, mako shida ina jinyar Mama a can. Na tarar da wasiƙarka a ƙarƙashin ƙofa, ta kusa wata biyu da rubutawa.

Kai wane irin mutum ne? Shafi uku na rubuta maka, ruwa ya cinye, ya bar maka layi biyu guntaye, sai ka ɗauke su ka yanke wa kanka hukunci. Ko tambaya ba ka yi ba. Abin da Mama ta ce shi ne kada ka zo mata da bargo ko sukari. Bargo, Chiukepo. Da na karanta mata amsarka ta ce, “Wannan yaron tun yana ƙarami in aka kira shi cin abinci sai ya ɗauka duka za a yi masa.”

Ga waccan wasiƙar na sake rubuta maka ita daga kaina, da fensir wannan karon, na naɗe a leda. Mapopa zai koma aiki jibi, hannu da hannu zai ba ka, kuma na ce ya tsaya a kanka har ka karanta.

Amma bari in ƙara maka abu ɗaya, don abin nan ya buɗe mini ido. Yadda ka karanta wasiƙata haka kake karanta Maganar Allah shekara goma sha ɗaya. Ka tsinci layin da ke dukanka ka riƙe, sauran shafin ka bar shi kamar ruwa ya wanke. Alhali nasa bai jiƙe ba, yana nan duka. Ni ba fasto ba ce, kifi nake shanyawa. Amma na san ba don ka iya wa'azi aka cece ka ba, ba kuma don bakinka ba ya kuskure ba. Alheri ne tun farko. Ka tuba ka shigo, ƙofar ba a kulle take ba.

Likita ya ce zuciyar Mama ta gaji. Ba ya jin za ta ga damina. Ka koma wurin shugaban aikinka ka karɓo takardar hutun nan, ko da roƙo ne.

Yayarka da ba ta gaji da kai ba,
Towera

Luanshya
29 ga Yuli, 1986

Yaya Towera,

Mapopa ya kawo saƙo, ya kuma tsaya a kaina kamar ɗan sanda yadda kika umarce shi. Na ji kunya ƙwarai. Ki yi haƙuri.

An ba ni kwana goma sha biyu. Zan biyo ta Chipata da Mzuzu, in kama jirgin ruwan da ke isowa wurinku ranar 17 ga Agusta. Ba zan ce miki na yarda da duk abin da kika rubuta ba. Na karanta ya fi sau goma, ina so ya zama gaskiya, amma har yanzu ina jin muryata a tsakar gidan bokan nan. Zan dai zo. Ki ce wa Mama hannu biyu zan zo mata, babu bargo.

Ƙanenki,
Chiukepo

Usisya
21 ga Satumba, 1986

Ƙanena,

Ina gaishe ka cikin sunan Wanda ya ci nasara a kan mutuwa. Ina fata ka isa lafiya kuma hanyar ba ta tayar maka da ƙirjin ba.

Mama ta tafi gida ranar Talata da hantsi, 16 ga wata. Ba ta sha wahala ba. Ta sha kunu, ta sa aka fitar da ita inuwar mangwaro, matan zumunta suka zo suna mata waƙa, tana bin su da leɓe. Kafin su kai ƙarshe ta yi shiru. Mun binne ta kusa da Baba. Mutane sun zo har daga ƙauyukan kan tudu.

Kada ka damu da rashin zuwanka jana'iza. Kwana huɗun da ka yi sun ishe ta. Tun da ka tafi ba ta ƙara tambayar jirgi ba. Ranar Lahadin ƙarshe na tambaye ta ko tana jin tsoro, ta ce, “Tsoron me? Na san wanda zai tarye ni.”

Abu ɗaya ke cina. Ranar da ta kore mu duka ta ce a bar ta da kai, kun fi awa biyu a ɗaki. Ka fito idanunka jajur, ka wuce bakin tafki ba ka kula kowa ba. Na tambaye ta, ta ce, “Ki tambayi ƙanenki bayan na tafi.” To ta tafi. Ina tambaya.

Yayarka,
Towera

Luanshya
2 ga Nuwamba, 1986

Yayata Towera,

Alherin Ubangijinmu Yesu ya kasance tare da ke. Mun yi makokin Mama a nan ma, 'yan ƙasarmu sun cika gidan. Chilufya da yara suna miki ta'aziyya. Na yi jinkirin amsa don ina so in sami abin da zan ba ki labari, ba alkawari kawai ba.

Ga abin da Mama ta gaya mini. Ta shafa fuskata da hannu, ta ce na tsufa, sannan ta ce, “Zauna, ai ba kai ka fara ba.”

Kin san an yi yara biyu tsakanina da ke, duka zazzaɓi ya ɗauke su. Da ya kama ni ina wata takwas, Baba yana can kamun kifi, Mama ta goya ni ta haura tudu wurin wata mata mai magani. Matar ta ce ta cire farin ɗankwalin zumunta ta taka shi, ta ce ta bar Yesu. Ta taka, ta faɗa. Mamarmu, Yaya, wadda ake turo amare wurinta su koyi addu'a.

Ni kuma na warke. Ta ce shekara bakwai tana ganin ta sayar da ranta ne ta fanshe ni. In ta dube ni ina wasa sai ta ji daɗi da tsoro a tare. Daga baya ta kasa daurewa, ta je ta faɗa wa dattawan coci. Kin tuna lokacin da ta yi watanni tana zama a bencin baya, ta ce mana ta fi jin iska a can? Horo ne.

Ta ce mini, “Ni na faɗa, yaro ya rayu. Kai ka faɗa, yaro ya mutu. Ashe ba bakinmu ne ya raya ba, ba shi ne ya kashe ba. Mu dai mun yi zunubi, shi ke nan. Ni na kai nawa inda ake kaiwa, shekara arba'in ke nan, ban taɓa jin Ubangiji ya tayar mini da zancen ba. Kai me kake jira?”

Da na dawo na gaya wa Chilufya komai. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku tana tankaɗe ta ce, “Ni na yi wa Vitumbiko wanka da kuka dawo. Na ga tsagar da aka yi masa a ƙirji. Na san ba asibiti kuka je ba.” Na ce me ya hana ta magana. Ta ce, “Jira nake ka faɗa da kanka. Ban san za ka kai haka ba.” Mun yi kuka, irin wanda ba mu yi tare ba tun ranar jana'izar.

Lahadin da ta biyo baya na shiga coci. Na zauna a bakin ƙofa. Ba wani haske da ya sauko, ba abin da ya faɗo mini a ka. Wata tsohuwa ce kawai ta matsa ta miƙo mini littafin waƙa.

Na je gaban fasto da dattawa ranar Alhamis da ta wuce. Na faɗi komai, ban rage ba. Sun sa mini horon wata shida kafin in koma cin Jibin Ubangiji, kuma na ga daidai ne. Likita kuwa ya ce ƙirjin ba zai gyaru ba, sai dai a lallaɓa. Na ji maganar, na dawo gida na ci tuwona.

A cikin dattawan akwai wani tsoho, Silwamba, mai tsananin bincike. Da za mu tashi ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, “Luhanga, ka taɓa tsayawa daram, sannan ka yi tuntuɓe ka faɗi. In aka sake matsa ka, ka tabbata ba za ka sake ba?”

Na ce, “Baba, ban tabbata ba. Da ina saurayi na tabbata da kaina ƙwarai, kun ji inda abin ya kai ni.”

Ya ce, “To da me ka zo mana?”

Na ce, “Na tabbata da Shi.”

Sannan ya jawo kujerarsa kusa da tawa ya ce a yi addu'a, kuma ni zan yi. Na buɗe baki, Yaya, muryar ta fito.

Ƙanenki cikin Ubangiji,
Chiukepo Luhanga